Daga Jan Zaren Sin Zuwa Dodannin Amurka: Tarihin Masoyan da Ƙaddara Ta Haɗa

Ranar 21 ga Janairun 2025 littafin Onyx Storm na marubuciyar Amurka Rebecca Yarros ya shiga kasuwa, kafin mako ya zagayo an sayar da kwafi miliyan 2.7. Shi ne na uku a jerin da ya faro da Fourth Wing a 2023, labarin Violet, ɗaliba a makarantar yaƙi ta mahaya dodanni masu fukafukai da aman wuta. Dodon da ya zaɓe ta abokin zaman dodanniyar Xaden ne, wanda take ɗauka maƙiyinta, don haka rayuwarsu ta ɗaure wuri guda ko suna so ko ba sa so. Irin waɗannan littattafai, da ke haɗa soyayya da duniyar tsafi da al'ajabi, su ne 'yan kasuwar littafi ke kira romantasy. Mai kallo daga nesa zai zaci sabon yayi ne. Amma jigon ya girmi injin buga littafi da ɗaruruwan shekaru, kuma a tsawon tafiyarsa tambaya ɗaya yake ta juyawa: idan an riga an rubuta, mene ne ya rage a hannun mace?

Tushen labarin

Tun wajen shekara 2,400 da suka wuce, masanin falsafar Girka Aflaɗon ya sa wani labari a bakin Aristofanis cikin littafinsa Symposium. Wai mutanen farko hannu huɗu gare su, ƙafa huɗu, fuska biyu. Da suka yi girman kai, sai Zeus, babban abin bautar Girkawa, ya tsaga kowannensu gida biyu, tun daga nan kowa ke yawo yana neman rabinsa.

Malaman Musulunci ma sun yi nazarin wannan jan da wani rai ke yi wa wani. Ibn Hazm, mutumin Ƙurɗuba da aka haifa a 994 ya rasu a 1064, ya bayyana a littafinsa Ɗauƙul Hamama cewa so haɗuwa ce ta rayukan da tun asali suke da dangantaka kafin a raba su cikin jikkuna. Ya kafa hujja da hadisin da ke nuna rayuka runduna-runduna suke, waɗanda suka san juna su saba, waɗanda ba su san juna ba su saɓa.

Sai dai inda labarin ya fi nuna haƙoransa shi ne ƙasar Sin. A ƙarni na 9, zamanin daular Tang, Li Fuyan ya rubuta labarin wani saurayi, Wei Gu, da ya tarar da wani tsoho zaune cikin farin wata yana duba littafi, ga jaka a gefensa cike da jan zare. Tsohon ya ce da zaren yake ɗaure ƙafafun waɗanda za su zama miji da mata, in ya ɗaura kuwa babu mai kwancewa. Ya kai saurayin kasuwa, ya nuna masa wata 'yar shekara 3 a hannun wata tsohuwa mai ido ɗaya da ke sayar da kayan lambu, ya ce ga matarka. Ran Wei Gu ya ɓaci, ya ba baransa wuƙa ya je ya kashe ta. Wuƙar ta same ta tsakanin gira, baran ya arce. Bayan shekara 14 wani gwamna ya aurar masa da 'yar da ya riƙa, kyakkyawa, wadda kullum take manna ɗan furen ado a tsakanin girarta. Da ya matsa da tambaya, sai ga tabon wuƙarsa. An rufe labarin da cewa sun zauna lafiya. Babu wanda ya tambayi yarinyar ko tana son zama da mutumin da ya sa a kashe ta.

Aljanu sun shiga tsakani

Mai karatun Hausa ya san wannan jigo ta wata ƙofa. A Dare Dubu da Ɗaya akwai Ƙamaruzzaman, ɗan sarkin da ya ƙi aure har ubansa ya kulle shi a tsohon bene, da Badura, 'yar Sarkin Sin, ita ma ta ƙi duk manemanta. Aljana Maimuna da ifiritu Dahnash suka yi gardama kan wanda ya fi kyau a cikinsu, suka ɗauko Badura tana barci suka ajiye ta kusa da shi. Kowannensu ya farka shi kaɗai, ya ga ɗan'uwansa, ya kamu, aka yi musayar zobe, kafin asuba aljanu sun mayar da ita. Da gari ya waye kowa ya ce sun haukace. Abubakar Imam ya sake tsara labarin Ƙamaruzzaman cikin Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya zauna daram a kunnen Bahaushe, mai cewa matar mutum kabarinsa.

Abin lura a nan shi ne Badura ba ta zauna jiran ƙaddara ba. Bayan sun yi aure, da mijinta ya ɓace a hanya, ta sa tufafinsa, ta ja ayari, har ta hau gadon sarauta a wata ƙasa, kuma ita ce ta gano shi. Aljanu ne suka fara labarin, amma wayon mace ne ya kai shi gida.

A Turai kuwa, a ƙarni na 12 aka baza labarin Tristan da Isolde, waɗanda suka sha maganin so bisa kuskure, soyayyar ta zama ajalinsu. A 1740 wata marubuciyar Faransa, Gabrielle-Suzanne de Villeneuve, ta fitar da labarin kyakkyawar da ta je zama a gidan dodo domin ta fanshi mahaifinta. Masana da dama na ganin hoton auren haɗi na zamanin ne, lokacin da ake kai yarinya gidan mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Lokacin da mata suka karɓi alƙalami

Siffar da ake gani yau ta kankama ne a Amurka. A 1999 Christine Feehan ta fitar da Dark Prince, inda mazan wata ƙabila mai tsawon rai ke daina ganin launi, zuciyarsu ta bushe, har sai sun gamu da macen da aka halitta dominsu. A 2005 Stephenie Meyer ta zo da Twilight, jerin da ke da samari masu rikiɗa kyarkeci, waɗanda kallo ɗaya ke ɗaure su da mace har abada. A littafi na huɗu, na 2008, wannan ɗauri ya faɗa kan jaririya, kuma masu sharhi suka yi ca, da gaskiyarsu.

Babban sauyi ya zo da Sarah J. Maas. A Court of Thorns and Roses, da kamfanin Bloomsbury ya buga a 2015, ya ɗauko tsohon labarin kyakkyawa da dodo: Feyre, maharbiya 'yar talakawa, ta kashe kyarkeci a daji, aka tafi da ita ƙasar wasu halittu masu kama da aljanu a matsayin diyya. A littafi na biyu, na 2016, marubuciyar ta juya akalar. Masoyin farko ya kulle Feyre a gida da sunan kariya, ta bar shi. Daga baya ta gano wani ne abokin ranta, Rhysand, wanda ya daɗe da sani amma bai ɗora mata ba. A ƙa'idar wannan duniya, ɗaurin ba ya cika sai macen ta miƙa wa namijin abinci da hannunta, kuma tana da ikon ƙi. Feyre ta ɗumama miya, ta saurari bayaninsa tukuna, sannan ta ajiye kwanon a gabansa. Littafin ya kuma nuna iyayen Rhysand ƙaddara ce ta haɗa su, duk da haka ba su ji daɗin zama ba.

Daga 2020, lokacin kullen korona, 'yan mata suka riƙa tallata wa juna waɗannan littattafai a TikTok, cinikinsu ya yi tashin gwauron zabo. Ba su rasa masu suka ba. Da yawansu na ɗauke da bayanin kwanciya ƙarara, abin da iyaye ya kamata su sani. A Agustan 2024 jihar Utah ta cire littattafai 13 daga makarantun gwamnati, 6 daga ciki na Maas ne. Akwai kuma marubutan da har yanzu ke fakewa da ƙaddara su wanke namiji mai zafin kishi da danniya, su sayar wa 'yan mata shi a matsayin gwarzo.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun shekarun 1980 marubutan littattafan soyayya na Kano ke fama da ita ba tare da dodanni ba. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya tsaya ne kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole. Iyaye su ce haka Allah ya rubuta, marubuciya ta tuna musu cewa addinin da ya koyar da imani da ƙaddara shi ne ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita.

Sama da shekara 1,000 ke tsakanin yarinyar Wei Gu da Feyre, kuma abin da aka samu a wannan tazara shi ne mace ta sami bakin magana a labarin da ake bayarwa a kanta. Da wannan ma'auni ya dace a auna duk sabon littafin da ya shigo wayoyin 'ya'yanmu, na Turanci ko na Hausa: a duba ko jarumar na da ikon cewa a'a, kuma ko namijin da aka ce nata ne yana girmama wannan a'a ɗin. Littafin da ya faɗi wannan jarrabawa auren dole yake koyarwa, komai yawan aljanu da taurarin da aka yi masa ado da su.