Daga Garki zuwa rajistar asibitin Kazaure

Tun kafin kwamfuta ta shiga asibitocinmu, an taɓa auna cuta da lissafi a maƙwabtanmu. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Garki, maƙwabciyar Babura, lokacin duk yankin yana cikin Jihar Kano. Zazzaɓin cizon sauro aka je nema. An riƙa ɗibar jinin dubban mutane a kai a kai, ana ƙirga sauro, har a 1974 masana Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da tsarin lissafin da ke hasashen yaɗuwar cutar.

Wannan jinin ne kuma ya tona asirin sikila. Rahoton Fleming da abokan aikinsa na 1979 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai da ita ake haifarsu, amma da ƙyar ake samun mai ita cikin manya. Ƙididdiga ta tabbatar da abin da iyaye mata suka daɗe suna kuka a kai, cewa yaran ba sa kai wa girma.

Lissafin hawan jini da ciwon zuciya kuwa daga Amurka ya taso. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham, shekara bayan shekara. Daga nan aka gane cewa idan aka haɗa shekarun mutum da awon jininsa da kitsen jini da shan taba da ciwon suga, ana iya ƙiyasta haɗarin da ke gabansa cikin shekara goma. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalin irin wannan ƙiyasi ga yankuna 21, har da Afirka ta Yamma.

Sai dai mafi yawan bayanan da aka gina jadawalin a kansu na mutanen Turai ne da Amurka, aka daidaita su da yanayinmu. Wannan yana damuna matuƙa, don manomin Roni ko Gwiwa ba cimarsu ɗaya da Bature ba, ba kuma aikinsu ɗaya ba.

Yanzu alƙaluman asibitoci suna shiga manhajar DHIS2 ta ƙasa duk wata, amma galibi jimilla ce kawai: mutum nawa suka zo, da wace cuta. Lissafin ciwo mai daɗewa kuwa yana bukatar a bi mutum guda shekara da shekaru, a san wane magani ya sha, yaushe ya daina zuwa. Wannan aikin yana hannun ma'aikacin da ke cike kati a Babban Asibitin Kazaure da ƙananan asibitocin karkara.