Daga gafaka zuwa jakar hannu: abin da dukancin zamani ke arowa daga kayan da

A wannan ɗan rubutu muna son mu duba wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu tsara kayan fata a Nijar, watau komawa ga kayan kaka da kakanni don samo fasalin jaka, ko takalmi, ko ɗamara. Masu sukar abin suna cewa ana gurɓata gado. A ganinmu tarihi bai goyi bayansu ba, domin baduku bai taɓa yin aiki sai da idon mai saye a kansa.

A ƙarni na 19 manyan masu sayen nan uku ne: fada, da malamai, da fatake. Fada tana neman kayan doki da kuben takobi, malamai suna neman gafaka da laya, fatake kuwa taiki da salka. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana fitar da takalma da jemammun fatu zuwa Tarabulus, kuma Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun, babban zango ce a kan wannan hanya. Kalmar Faransanci maroquin, wadda ta haifi maroquinerie, tana danganta fatar da Maroko, alhali wani kaso na abin da Turawa ke saye da wannan suna fatar jar akuya ce ta ƙasar Sakkwato, ƴar'uwar wadda ake kiwo a Maraɗi. Ke nan tun can fatar ta riga sunan mai ita isa kasuwa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, kuma mulkin mallaka ya rage wa fada ƙarfi. Sai masu saye suka sake. Babban juyi ya zo ne a 1959, sa'ad da aka buɗe gidan tarihi na Yamai, wanda daga baya aka ba sunan Bubu Hama, ƙarƙashin jagorancin Pablo Toucet. An zaunar da masu sana'a a cikin harabar, kusa da kayan da aka ajiye don kallo, suna aiki suna sayarwa ga baƙi. A nan tsohon kaya ya zama abin koyi a fili: baduku yana ganinsa, yana kuma ganin abin da hannun baƙo ke ɗauka.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ake arowa? Mu ɗauki gafaka. Alƙur'anin da ake rubutawa da hannu a ƙasashenmu ba a ɗinke shi ba, warƙoƙi ne a sake, ana haɗa su cikin tadarishi a ɗaure. Don haka gafaka take da jiki mai tauri da kusurwoyi huɗu, da marfi mai saukowa sosai don tsare ƙura da ruwa, da igiya mai ƙwari ta ratayawa, tun da almajiri matafiyi ne. Kowane sashe yana da dalilinsa. Wanda ya fahimci haka zai iya fitar da jakar takardu ko ta kwamfuta mai ƙarko. Amma sau da yawa adon marfin kawai ake kwafa, a liƙa shi a jikin jakar da aka yanka bisa fasalin Turai, wani lokaci ma a haɗa da gicciyen Agadas, wanda aikin maƙeran Buzaye ne na azurfa, ba shi da alaƙa da gafaka. Haka laya: an cire rubutun, an bar kubensa ya zama abin wuya.

Launi ma haka ne. Majemi yana jima da bagaruwa, ja daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau. Rinin kanti ya fi sauƙi da araha, sai dai jansa ba ya tsufa irin na karan dafi, kuma duk wanda ya ajiye tsohon kube kusa da sabo zai ga bambancin.

Abin da ya fi damun mu, mu masu nazarin harshe, shi ne sunaye. Hausa ta bambanta gafaka da zabira da burgami da taiki, kowace da girmanta da ɗinkinta da abin da ake zubawa ciki. Kalmar jaka kanta ta yi nisa har ta shiga lissafin kuɗi, tun da jika a bakin mutanen Nijar sefa 1000 ce. A rumfunan sayarwa kuwa duk waɗannan sukan koma sak, aron Faransanci. In yaron baduku ya tashi bai san zabira da sunanta ba, da wuya ya tambayi ubangidansa yadda ake naɗe bakinta. Shi ya sa muke ganin ya kamata ɗalibanmu da ke neman batun bincike su zauna da dattawan dukawa na Damagaram da Maraɗi da Tawa, su ɗauki sunan kowane kaya, da na sassansa, da na ɗinkin da ya haɗa su, tare da zane da awo.