Lokacin da Amurka ta Yi Aron Idanu

A zamanin Yaƙin Duniya na Farko, an manna wani hoto a bangunan biranen Amurka wanda ya ja hankalin jama'a ƙwarai. Hoton wani hafsan sojan ruwa ne yana tsaye a kan jirgi, teku tana hauka a bayansa, an ɗaure masa idanu da farin ƙyalle, ya miƙa hannuwa yana lalube. A ƙarƙashinsa an rubuta roƙo ga duk wanda ya mallaki madubin hangen nesa ya ara wa rundunar sojojin ruwa. An ce mutum ya rubuta sunansa da adireshinsa ya ɗaura a jikin madubin, ya aika wa mataimakin ministan sojojin ruwa, Franklin D. Roosevelt, ta hannun gidan duba taurari na rundunar da ke birnin Washington. Za a biya shi dala ɗaya, kuma in hali ya yi za a mayar masa da kayansa bayan yaƙi.

To, mai karatu zai so ya san yadda aka yi ƙasar da ke ƙera jiragen ruwa da motoci dubu-dubai ta koma roƙon ɗan abin da ake ratayawa a wuya. Amsar tana cikin tarihin madubin kansa.

A watan Oktoba na 1608, wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya kai wa majalisar ƙasarsu wani bututu mai gilasai biyu wanda ke jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Majalisar ta ƙi ba shi iznin ya zama shi kaɗai ne mai ƙera shi, amma ta nemi ya yi mata irinsa wanda za a duba da ido biyu, ya kuwa yi. Ke nan mai ido biyu da mai ido ɗaya kusan tagwaye ne. Sai dai mai ido ɗaya ya yi wa ɗan'uwansa nisa, gama da shi ne Galileo na Italiya ya gano watanni huɗu na duniyar Mushtari a 1610. Mai ido biyu kuwa ya daɗe yana rarrafe, domin haɗa dogayen bututu biyu su kalli wuri guda daidai wa daida aiki ne mai wuya, kuma in sun saɓa ko da kaɗan ne, sai kan mai dubawa ya yi ciwo.

Wani Ba'italiye, Ignazio Porro, shi ne ya samo dabarar gajarta bututun a 1854. Ya sa wasu gilasai masu kusurwa uku waɗanda ke lanƙwasa haske ya yi ta kai da komowa a cikin ɗan ƙaramin wuri, kana su miƙe hoton da ke zuwa a kife. Amma gilashin zamaninsa bai da tsabtar da dabarar take bukata. Sai a garin Jena na Jamus aka cika aikin. A can Otto Schott ya kafa masana'antar gilashi a 1884, a 1894 kuma kamfanin Carl Zeiss, bisa lissafin Ernst Abbe, ya fara sayar da madubi mai ido biyu irin wanda aka sani yau. Daga nan Jamus ta zama uwar wannan sana'a, Faransa da Ingila suna biye da ita.

Amurka kuwa saye take yi. Shaidar haka tana nan a Washington. Gidan duba taurarin da aka ambata ya samo asali ne a 1830, a matsayin ma'ajiyar taswirori da kayan awo na jiragen ruwa. A 1873 aka girka masa wani madubi mai faɗin inci 26, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya a cikin masu tara haske da gilashi, kuma da shi Asaph Hall ya gano watanni biyu na duniyar Mirrihi a watan Agusta na 1877. Amurkawa ne, Alvan Clark da 'ya'yansa, suka goge gilashin har ya zama madubi. Amma ɗanyen gilashin daga kamfanin Chance Brothers na Ingila ya zo. Watau hannun na gida ne, ƙwayar idon kuwa ta waje ce.

A shekarun zaman lafiya babu wanda ya damu da wannan. Jiragen ruwa suna kawo kaya, masu hali suna saye. Wasu na zuwa da madubansu gidan wasan kwaikwayo, wasu filin sukuwa, wasu farauta. Sa'an nan ga wata sabuwar ɗabi'a ta kallon tsuntsaye. A da, mai nazarin tsuntsu bindiga yake ɗauka, ya harbo shi ya duba a hannu. A 1889 wata mata, Florence Merriam, ta buga littafi tana koya wa mutane su san tsuntsu yana raye ta cikin ɗan madubin da ake zuwa da shi gidan wasa. Ta zauna a Washington, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ta birnin a 1897, ta kuma yi shekaru tana koyar da wannan ilmi. Ta haka madubai suka yawaita a gidajen mutane, alhali rumbunan gwamnati babu isassu.

Da yaƙi ya ɓarke a Turai a 1914, sai hanyar Jamus ta toshe, Ingila da Faransa kuma suka riƙe abin da suke yi don sojojinsu. Ran 1 ga Fabrairu 1917 Jamus ta saki jiragenta masu tafiya ƙarƙashin teku su nutsar da duk jirgin da ya doshi Ingila. A watan Afrilu kaɗai sun nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan dubu 800. A cikin wannan wata, ran 6, Amurka ta shiga yaƙin. A zamanin babu na'urar rada. Abin da ke tsakanin jirgi da halaka shi ne idon matuƙin da aka ɗora a sama yana tsaro, ko zai hango ɗan bututun leƙe da jirgin ƙarƙashin teku ke turowa saman ruwa, ko farin kumfar da makaminsa ke bari a baya. Abin bai wuce kaurin tabarya ba, a cikin teku mai raƙuman ruwa, sau da yawa da asuba ko da almuru. Kowane jirgi yana bukatar masu tsaro da yawa, kowannensu kuma yana bukatar madubi.

Wannan shi ne dalilin roƙon. Jama'a kuwa suka amsa. Ƙunshi dubun dubata suka yi ta kwarara zuwa gidan duba taurari, wanda tun 1893 ya koma bisa wani tudu a titin Massachusetts. Ma'aikatan da suka saba auna tafiyar taurari da daidaita agogon jiragen ruwa suka koma kwance ƙunshi, suna gwada kowane madubi. Wanda bai dace ba a mayar wa mai shi, wanda ya dace a sa masa lamba, a rubuta sunan mai shi a littafi, a aika da shi teku. Dala ɗayan nan kuwa ba kuɗin madubin ba ne, gama wasu sun ninka haka sau da yawa. Doka ce ta hana gwamnati karɓar kayan mutum kyauta, saboda haka aka ce in an mayar da kaya dalar ta zama kuɗin haya, in ya ɓace ta zama kuɗin saye. Bayan an tsagaita wuta a Nuwamba 1918, rundunar ta bi littafin nan ta mayar wa mutane kayansu tare da takardar godiya.

Amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Manyan ƙasar sun san cewa madubin gidan wasa ba zai auna wa igwa nisa ba. Dole a koyi narka gilashin a gida. A nan ma Washington ce ta ba da mutanen. Akwai wani ɗakin bincike na cibiyar Carnegie a birnin, ƙarƙashin Arthur L. Day, inda masana ke nazarin yadda duwatsu ke narkewa su daskare. Ba masu yin gilashi ba ne, amma sun san halin yashi a cikin wuta. A 1917 aka tura wasunsu masana'antar Bausch & Lomb a garin Rochester na jihar New York. Hukumar awo ta gwamnati ita ma ta sa hannu.

Matsalolin da suka tarar suna da yawa. In akwai ɗan ɓurɓushin ƙarfe a cikin yashi, ko a cikin yumɓun tukunyar da ake narkawa, sai gilashin ya yi kore ya shanye haske. In ba a dama shi sosai ba, sai ya fito da jijiyoyi masu karkatar da hoto. In ya huce da sauri, sai ya tsage ko ya riƙe tauri marar daidaito a cikinsa. Har gishirin toka da ake haɗawa, yawancinsa daga Jamus yake zuwa. Turawan da suka ƙware sun ɓoye sirrinsu, sai masanan suka bi ta hanyar awo da gwaji, tukunya bayan tukunya. Kafin yaƙin ya ƙare Amurka tana narka gilashinta da yawa. Japan ma ta faɗa cikin irin wannan ƙunci, shi ya sa a 1917 ɗin aka kafa kamfanin Nippon Kogaku, wanda yau aka sani da Nikon.

Duk da haka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, bukata ta sake fin abin da ke hannu. A 1942, Roosevelt yana shugaban ƙasa, rundunar ta sake roƙon jama'a, amma wannan karon ta zaɓi iri: 6x30 ko 7x50. Waɗannan lambobi suna jikin kowane madubi. Ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Ƙwayar idon matashi a cikin duhu takan buɗe kamar milimita 7. Saboda haka gilashi mai faɗin 50 yana tara haske kamar sau 50 na abin da ido ke tarawa. Manyan da ake kafawa a kan jiragen yaƙi, masu lamba 20x120, suna tara kusan sau 300. Irin waɗannan ba a riƙe su a hannu, gama ban da nauyi, duk abin da ya wuce ninki 10 rawar hannu takan ɓata shi. Sai an ɗora su a kan ƙafa.

Abin da aka ƙera don hango abokin gaba da dare, shi ne ya dace da mai neman taurari. Madubi mai ido biyu yana ɗauko fili mai faɗi na sama, ba ya gajiyar da ido, kuma ƙwaƙwalwa ta fi gane abu mai dushi-dushi in ido biyu suka kawo mata labari. A 1983 wani malamin makaranta mai ritaya a Ingila, George Alcock, ya hango tauraro mai wutsiya da madubi 15x80 ta tagar gidansa. A Janairu 1996 wani Bajapane, Yuji Hyakutake, ya gano nasa da madubi 25x150, wanda bayan wata biyu ya ratsa sama duniya duka tana kallo. Har manyan masana sun bi wannan tsari: a kan dutsen Graham na jihar Arizona akwai na'ura mai madubai biyu gefe da gefe, kowanne faɗinsa mita 8.4.

A Washington kanta fitilun birni sun dushe taurari, har gidan duba taurarin ya buɗe reshe a Flagstaff ta Arizona a 1955. Ƙungiyar masu sha'awar taurari ta birnin, wadda aka kafa a 1937, da takwarorinta na kewaye, sukan fita zuwa tuddan jihar Virginia neman duhu. Da rana kuma masu kallon tsuntsaye sukan kafa nasu a bakin kogin Potomac, musamman a Mason Neck, inda aka keɓe daji a 1969 don kare gaggafa mai farin kai.

Duhun da mutumin Washington ke tuƙa mota yana nema, mutumin ƙauyukan Katsina ko Maraɗi yana da shi a ƙofar gida. Duk wanda ya sami ko da 7x50 ne ya ɗaga shi sama bayan iska ta kwanta, zai ga 'ya'yan Kaza sun wuce shida ko bakwai da aka saba ƙirgawa, sun zama gommai. Zai ga ramukan da ke fuskar wata, kuma in ya jingina madubin da katanga, zai iya ganin watannin Mushtari da Galileo ya gani. Masu neman jinjirin watan azumi ma sukan yi amfani da shi, sai dai a jira rana ta faɗi sarai, domin kallon rana ta cikinsa yana makantarwa nan take. Yawancin maduban da ke kasuwannin Afirka yau daga Asiya suke zuwa, kamar yadda gilashin maduban Amurka ke zuwa daga Turai kafin 1914. Yashi da yumɓu kuwa akwai su ko'ina. Abin da Amurka ta ƙara a kansu a 1917 shi ne mutanen da ta riga ta horar, waɗanda suka san awo, da kuma littafin da aka rubuta sunan kowane mai kaya a ciki.