Ƙungiyar Massillon da Kofin da Ya Gagare Ta Shekara 51

Massillon ƙaramin gari ne a jihar Ohayo ta Amurka da a da aka san shi da masana'antun ƙarfe, amma sunansa ya yi nisa saboda Tigers, ƙungiyar ƙwallon makarantar sakandarensa. Ƙwallon nan irin ta Amurka ce, wadda ake runguma a ruga da ita, ba tamaular da aka saba gani ba.

Tun 1894 suke karawa da makarantar Canton, maƙwabciyarsu. Sai dai tauraruwar ƙungiyar ta fi haskawa bayan da Paul Brown ya karɓi horar da ita a 1932. Cikin shekara tara yaransa suka ci wasa 80, sau 8 kacal aka doke su. A 1939, ana cikin matsin tattalin arziki, aka gina musu babban fili da tallafin gwamnatin tarayya. Abin ya shiga jinin mutanen garin, har jariri namiji akan ajiye masa 'yar ƙwallo a gadon asibiti.

Amma a wancan zamani ba wasan ƙarshe ke fid da zakaran jiha ba, ra'ayin 'yan jarida ne. Da aka kawo gasar sili-ɗaya-ƙwale a 1972, kofi ya gagari Massillon, abokan hamayya suka samu abin gori. Sai a 2023 suka ɗauke shi, da ci 7 da 2.