Ƙidayar Abin da Ke Cikin Ɗaki

Mutumin da ya tashi a Lafani, ko a wani ƙauye daga cikin ƙauyukan ƙasar Illela da ke jingine da iyakar Nijar, ba sai an gaya masa cewa baƙo mai takarda da alƙalami ba gaisuwa ce kaɗai ta kawo shi ba, domin tun daga lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a shekarar 1903, suka kuma daidaita da Faransawa aka ja layin da ya bar Birnin Ƙonni a wancan hannu, Illela a wannan, ƙidayar da talakawa suka fara sani ita ce ta haraji da jangali. Ana ƙirga baligai, ana ƙirga shanu, mai wayo kuwa ya kora garkensa ƙetaren iyaka har malamin jangali ya wuce. Daga nan mutane suka koyi rage gaskiya a gaban mai tambaya, kuma ƙidayar jama'a ta 1952 ta tarar da wannan ɗabi'a a zaune.

Amma duk waɗannan ƙidayoyi a zaure suka tsaya, maigida ne ke amsawa, shi ke faɗin adadin matansa da 'ya'yansa. Abin da ke gudana tsakaninsa da iyalinsa bayan an sauke labule ba ya cikin lissafin hukuma.

Wannan ba ya nufin magabata sun jahilci al'amarin ko ba su da ma'auninsa. Ma'auninsu na farko shi ne yaji: mace ta ɗauki ɗan kayanta ta tafi gidan iyayenta, miji ya tura biko, dattawa su zauna, kuma duk unguwa ta san wace ce ta yi yaji sau ɗaya, wace ce ta yi sau huɗu, ko da ba wanda ya rubuta. Na biyu kuwa yana wurin alƙali, gama fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne abin hukunci a wannan ƙasa tun kafin jihadi, ya ba mace haƙƙin neman a raba aurenta saboda darari, wato cutarwa, kuma malaman mazhabar, da suka lura cewa ba a gayyatar shaidu biyu adilai zuwa wurin dukan mata, sai suka yarda darari ya tabbata da shaidar ji, ma'ana labarin da ya watsu a bakin maƙwabta har ya zama sananne. Ibnu Asim ya kawo wannan a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna dogara da shi. A ganina hikima ce babba, sai dai tana da iyaka: wadda ta yi kuka aka ji ita ce ke da bayyina, wadda ta cije ta haɗiye kuwa, ana yabonta da haƙuri da rufin asiri, ba ta da komai.

Wannan mai haɗiyewa ita ce ƙidayar zamani ta fito nema. Binciken lafiya da yanayin iyali na ƙasa, wanda aka fara a Nijeriya a 1990 da tallafin Amurka, da farko haihuwa da mutuwar jarirai da rigakafi ya sa a gaba. A 2003 an tambayi mata ra'ayinsu, ko miji yana da hujjar dukan matarsa in ta ƙona abinci, ko ta fita ba izini, ko ta yi masa gardama, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shimfiɗarsa. Sai a 2008 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta shigar da babi sukutum wanda ke tambayar mace abin da ya same ta ita kanta.

Tsarin tambayar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Ba a ce wa mace, "An taɓa cin zarafinki?" saboda matar da ta ɗauki mari a matsayin horo za ta ce a'a, ba kuwa ta yi ƙarya ba a zuciyarta. Aikin ake ambata da sunansa, ɗaya bayan ɗaya: ya taɓa hankaɗa ki, ya mare ki, ya murɗe miki hannu, ya naushe ki, ya shure ki, ya shaƙe ki, ya tilasta miki kwanciya alhali ba kya so, ya wulaƙanta ki a gaban mutane? Mace ce ke tambayar mace, da Hausa. Mutum ɗaya tak ake zaɓa a gida, da ƙuri'a, don kada kishiya ko uwar miji ta san irin tambayar da aka yi, in kuwa keɓewa ba ta samu ba, ƙa'idar da aka ɗauko daga Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar babin gaba ɗaya. Wanda ya san gidajenmu, inda yara ke shiga suna fita kuma katangar zana ba ta tare magana, ya san wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

A 2008 da 2013, kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suka ce an taɓa dukansu tun suna da shekara 15. A 2018 adadin ya kai 31, kuma kashi 36 na waɗanda suka taɓa aure suka ambaci duka, ko tilas, ko muzantawa daga miji. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimakon kowa ba, waɗanda suka nema kuwa galibi danginsu suka nufa, wato dai yajin nan na kakanni ne ya bayyana cikin alƙaluma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa a 2018 shiyyar Arewa maso Yamma, wadda Sakkwato ke cikinta, ita ce mafi ƙarancin adadin matan da suka ce an taɓa dukansu, kashi 12, alhali Kudu maso Kudu tana da 46. Na ji masu kafa hujja da wannan suna alfahari, kuma ban musa cewa tarbiyyar addini da kusancin dangi suna kare mata da yawa ba. Amma alƙalamin bai rubuta sai abin da baki ya furta, kuma macen da aka raine ta a kan kunya, wadda ba ta ko kiran sunan mijinta, wadda iyayenta suka gaji tsoron mai takarda tun zamanin jangali, ba lalle ne ta buɗe cikinta ga baƙuwar da ta sauka da hantsi za ta tafi da la'asar ba.

Haka kuma wanda ya nemi adadin Lafani ko na Illela ba zai samu ba, domin an zaɓi rukunin gidaje 1,400 ne a duk faɗin ƙasar a 2018, gida talatin a kowanne, lissafin ya tsaya a kan jiha, ana kuma ɓoye sunan ƙauyen da aka shiga. A bakin iyaka ma akwai ƙarin giɓi, tun da auratayya tsakanin Illela da Ƙonni ta girmi layin Turawa: matar da ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a Nijar, ranar da masu tambaya suka iso sai su tarar da ɗakinta a rufe, su rubuta cewa ba a same ta a gida ba.