Gyaran Cin Tsatsa a Jikin Mota Kafin Fenti

A Ƙananan Hukumomin Sabon Birni da Isa, motocinmu na ɗaukar kaya da taraktoci suna shan taɓo a fadamun Gulbin Rima, Bunsuru da Gagare, musamman daga watan Yuni zuwa Satumba. Taɓon da ya maƙale a ƙarƙashin mota yana riƙe laima, takin zamani da gishiri da fitsarin dabbobi kuma suna ƙara wa tsatsa ƙarfi. Da haka ne take haƙa ƙananan ramuka a jikin ƙarfe.

Ya kamata jama'a su sani cewa fenti ba ya kashe tsatsa. Idan aka shafa shi a kanta, za ta ci gaba da ci daga ciki, har fentin ya kumbura ya ɓare, ƙarfen kuma ya huje.

Ga matakan da muke ba da shawarar a bi:

1. A wanke motar, a bari ta bushe sarai.
2. A kankare tsohon fenti da tsatsa da burushin waya da samfefa mai lamba 80, har farin ƙarfe ya bayyana.
3. A shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik a cikin ramukan. Yakan mayar da ragowar tsatsar baƙa. A goge wurin ya bushe.
4. Inda ƙarfe ya huje, a yanke shi, mai walda ya sa sabo. Kafin walda a cire batir, a kuma kiyaye tankin mai.
5. A cike ƙananan ramuka da fila, kaurinta kada ya wuce milimita 6, sannan a goge da samfefa mai laushi.
6. A fesa fentin share fage a ranar, domin tsiraicin ƙarfe ba ya jimre wa raɓa. Bayan ya bushe a yi fentin gamawa, a wurin da ƙurar hunturu ba ta shiga.

Muna kira ga jami'an sashen ayyuka da su duba motar hukuma kafin a rufe ta da fenti, ba bayan an gama ba. Idan aikin ya riga ya kammala, a gwada da maganaɗisu: duk inda ya ƙi kama jikin ƙarfe, alama ce an cusa fila mai kauri a wurin da ya kamata a yi walda. Kada a biya kuɗin irin wannan aiki sai an sake shi, domin dukiyar jama'a amana ce.