Yadda Ake Haɗa Makin Ma'aunin Talauci na Ƙasa

Ma'aunin talauci mai fuskoki da dama, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamba na 2022, an gina shi ne bisa tambayoyi iri daban-daban da aka yi wa magidanta. Wasu amsarsu i ko a'a ce, kamar ko iyali sun taɓa wuni ba su ci ba. Wasu adadi ne, kamar mintocin tafiya zuwa asibiti. Wasu zaɓi ne: da itace ake girki, da gawayi ko da gas? Yara kuwa awon tsawo da nauyi ake yi musu.

Tun da ba a tara minti da kilo, akan mayar da amsoshin zuwa alamomi 15, kowace da hukunci ɗaya: gidan yana cikin rashi ko ba ya ciki. Alal misali, tafiyar minti 20 ko fiye a ƙafa zuwa asibiti rashi ne. An kasa alamomin kashi huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai aiki haɗe da tsaro, kowane kashi da maki 25 cikin 100. Gidan da makin rashinsa ya kai 26 shi ake ƙirgawa matalauci.

A Kakuri, ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, inda masaƙar KTL ta rufe a 2002, wannan abin lura ne: rashin aikin yi maki 10 ne kacal, saboda haka shi kaɗai ba ya shigar da gida cikin lissafin, komai nauyinsa ga maigidan.

Ana tunatar da jami'ai cewa alƙaluman sun tsaya a matakin mazaɓar sanata, kuma Kakuri tana cikin Kaduna ta Tsakiya. Ba a fitar da na gunduma ba.